Wasiƙun Sisero: Nazari a Kan Cuɗanyar Siyasa da Al'amuran Gida

1.0 Gabatarwa

A fagen nazarin adabi an fi mayar da hankali ga waƙa da ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo. Wasiƙa kuwa akan bar wa masana tarihi ita, su kuma galibi sukan tsinci sunaye da kwanakin wata daga cikinta, su ture sauran gefe. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu ɗauki wasiƙa a matsayin rubutun da ya cancanci tarke, mu gwada haka a kan wasiƙun Markus Tuliyus Sisero, lauya kuma ɗan siyasar ƙasar Rum, wanda aka haifa a garin Arpinum a shekarar 106 kafin Miladiyya (K.M.), aka kashe shi a shekarar 43 K.M.

Batu ɗaya muke son tabbatarwa. Mai karatu yakan so ya kasa waɗannan wasiƙu gida uku, watau na neman zaɓe da na sha'anin mulki da na iyali, ya ɗauki wanda ya dame shi ya bar sauran. A ganinmu wannan kaso ba ya tsayuwa. Jigogin nan uku a sarƙe suke, sau da yawa ma a cikin wasiƙa guda, kowanne kuma shi ke warware ma'anar ɗan'uwansa. Duk wanda ya raba su, to zai yi wa wasiƙun gurguwar fahimta, ya kuma yi wa mai su hukuncin da bai cika adalci ba.

2.0 Wasiƙun da Yadda Suka Iso Gare Mu

Wasiƙun da suka tsira sun kai kimanin 900, a cikinsu har da waɗanda wasu mutane suka aiko wa Sisero. An tara su a kundi huɗu: littattafai 16 zuwa ga amininsa Atikus, 16 zuwa ga dangi da abokan hulɗa, 3 zuwa ga ƙanensa Kwintus, sai kuma 'yan kaɗan tsakaninsa da Burutus. Na Atikus kaɗai sun haura 400, daga shekarar 68 zuwa 44 K.M. Shi Atikus attajiri ne wanda ya guje wa muƙami, ya kuma yi zama mai tsawo a ƙasar Girka.

Akwai abubuwa uku da ya kamata mu riƙe tun daga farko. Na ɗaya, babu ko guda daga cikin amsoshin Atikus da ta iso gare mu. Saboda haka mai karatu kamar mai sauraren hira ne ta bayan danga, muryar mutum ɗaya yake ji. Na biyu, nisa ke haifar da wasiƙa. A shekarar 64 da aka yi zaɓe da shekarar 63 da Sisero ya yi mulki, Atikus yana birnin Rum, don haka kundinsa bai ce komai ba a kan shekarun da Sisero ya fi alfahari da su. Na uku, mai wasiƙun bai tace su ba. A watan Yuli na 44 K.M. ya gaya wa Atikus cewa magatakardansa Tiro yana da kimanin 70, kuma sai ya duba su ya gyara kafin a fitar da su (Atikus 16:5). Ajali bai bar shi ba. Abin da ke hannunmu ya ninka wannan adadi fiye da sau goma, kuma babu alamar ya bi ta kansu da alƙalamin gyara.

3.0 Wasiƙar Neman Zaɓe

Muƙamin da Sisero ya nema shi ne na konsul, watau ɗaya daga cikin mutum biyu da ake zaɓa kowace shekara su shugabanci Jamhuriyar Rum. Wasu 'yan gidaje ne suka saba gadonsa, Sisero kuwa babu wani kakansa da ya taɓa riƙe shi. Abin da yake taƙama da shi baki ne da aikin lauya.

Wasiƙar da aka sa a farkon kundin Atikus (1:1), ta watan Yuli na 65 K.M., ita ce ta fi nuna abin da muke nufi. Zubinta hawa uku ne. A hawa na farko Sisero yana auna abokan takara ɗaya bayan ɗaya. Ya ce Galba ya yi gaggawar fara roƙon ƙuri'a, mutane na ce masa a'a ƙiri-ƙiri, wannan kuwa riba ce gare shi, domin da yawa sukan kafa hujja da cewa sun riga sun yi wa Sisero alkawari. Ya ambaci Antoniyus, ya ambaci Katilina wanda ke fuskantar shari'a. Ya faɗi ranar da zai fara nasa yawon, 17 ga Yuli, da niyyarsa ta zuwa yankin Gol na arewacin Italiya saboda nauyin ƙuri'unsa. Jimlolin gajeru ne, akwai ba'a, kamar ɗan kasuwa na lissafin haja.

A hawa na biyu sai murya ta sauya. Kawun Atikus, wani mai ba da rance da ake kira Kesiliyus, ya nemi Sisero ya tsaya masa a ƙarar da ya kai wani Satirus, Sisero ya ƙi. Da farko ya kawo dalilin mutunci, cewa bai dace ya taimaka a kunyata aboki a lokacin da yake cikin wahala ba. Daga baya sai ya sauko, ya yarda cewa in an matsa za a iya cewa neman zaɓe ne ya hana shi, domin Satirus na hannun daman Domitiyus ne, shi kuwa Domitiyus jigo ne a takararsa. Ya roƙi Atikus gafara. A hawa na uku, cikin layi biyu, ya yi godiya saboda wani mutum-mutumi da Atikus ya aiko masa don ƙawata gidansa.

Wanda ke neman tarihin zaɓe zai tsaya a hawa na farko. Amma idan muka lura, hawa na biyu ne dalilin wasiƙar. Kesiliyus attajiri ne mai wuyar sha'ani, Atikus kuwa shi ne magajinsa, kamar yadda ta tabbata a 58 K.M. da dukiyar ta faɗo hannunsa. Ɓata wa kawun rai taɓa aljihun amini ne. Saboda haka dogon lissafin 'yan takara da aka fara da shi shimfiɗa ce: sai da Sisero ya nuna wa Atikus yadda takarar ta yi zafi, sa'an nan ya gaya masa labarin da ba zai so ba. Wannan tsarin lauya ne, wanda ba ya kawo rauninsa sai ya riga ya sami zuciyar alƙali.

Wasiƙa ta biyu (1:2) gajeruwa ce ƙwarai, amma ta fi tayar da ƙura. Ta buɗe da albishir cewa an haifa masa ɗa namiji, uwar, Terentiya, tana lafiya. Nan take, ba tare da wata gada ba, sai ya ce yana tunanin kare Katilina a gaban shari'a, da fatan in ya kuɓuta su haɗa kai a takara. Wannan Katilina shi ne wanda Sisero, a wasiƙar da ta gabata, ya nuna laifinsa a fili yake kamar rana tsaka, kuma shi ne wanda ya tsaya a Majalisar Dattawa a 63 K.M. ya kira maƙiyin ƙasa. Wasiƙar tunani kawai ta ambata, ba ta ce an aikata ba. Duk da haka ta ishe mu shaida cewa gabar da jawabansa suka nuna kamar ta tun fil azal, tana da ranar farawa. Ta rufe da kiran Atikus ya dawo Rum a watan Janairu, domin ana raɗe-raɗin abokansa 'yan manyan gida za su yi wa Sisero adawa. Haihuwa da shari'a da abota, duk a 'yan layuka, duk kuma a ma'auni ɗaya.

Akwai wata doguwar wasiƙa ta shawarwarin neman zaɓe da ake jingina wa Kwintus, ko da yake masana sun yi saɓani a kan ko shi ya rubuta ta. Ko ma wane ne, ya san Rum. Ya shawarci ɗan takara ya riƙa gaida mutane da sunayensu, ya fita da ayari kullum, ya fi son yin alkawari a kan ƙin yi. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne gargaɗin cewa ya lallashi mutanen gidansa, har barori da bayi, domin maganar da ke zama sunan mutum a kasuwa daga cikin gida take fitowa. Ashe su kansu Rumawa ba su ɗauki gida da dandalin siyasa a matsayin wurare biyu ba. A zaɓen 64 K.M. Sisero ya zo na ɗaya, Antoniyus ya bi shi, Katilina ya faɗi.

4.0 Aure a Matsayin Siyasa

Kwintus yana auren Pomponiya, 'yar'uwar Atikus. Auren bai yi daɗi ba, kuma tun a wasiƙa mafi tsufa da muke da ita (1:5, ta 68 K.M.) ana maganar sasanta su. A watan Mayu na 51 K.M., Sisero yana kan hanyarsa ta zuwa gwamnan lardin Silisiya, ya tsaya ya ba Atikus labarin wata liyafa a gonar Kwintus (5:1). Kwintus ya ce wa matarsa, cikin ladabi, ta gayyato mata shi ya gayyato maza. Ita kuwa a gaban jama'a ta ce ai ita ma baƙuwa ce a gidan, don an tura wani bara ya riga ta shirya abinci. Ta ƙi zama, aka aika mata da abinci ta mayar. An ba da labarin da ƙwarewar mai ƙagaggen labari: magana kaɗan, motsi kaɗan, hali ya fito. Amma kada daɗin labarin ya ruɗe mu. Shaida ce ake bayarwa ga ɗan'uwan matar, don a wanke Kwintus, domin wannan aure shi ne igiyar da ta ɗaure gidan Sisero da mutumin da ke riƙe masa lissafin kuɗi da sirri.

Misali na biyu ya fi tsanani. Yana Silisiya a 50 K.M. matarsa da 'yarsa Tuliya suka amince da Dolabela a matsayin mijin Tuliya na uku. Shi Sisero ya karkata ga Tiberiyus Nero, amma manzanninsa sun iso bayan an gama baiko (6:6). A daidai wannan lokaci Dolabela yana tuhumar Apiyus Kalaudiyus a kotu, watau gwamnan da Sisero ya gada, wanda kuma yake ta lallashi saboda surukin gidan Pompi ne. Wasiƙar da ya rubuta wa Apiyus a kan wannan batu (Dangi da Abokai 3:12) abin nazari ce wajen kwana-kwana: taya murna, sa'an nan kame-kame, sa'an nan bayanin cewa saboda nisa ya bar wa iyalinsa wuƙa da nama. To, a wane kaso za mu sa wannan wasiƙa? Ta aure ce ko ta mulki? Shekara ɗaya bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke, surukin ya bi Kaisar, shi kuma ya bi Pompi.

5.0 Siyasa a Cikin Ɗaki

Littafi na 14 na kundin Dangi da Abokai ya ƙunshi wasiƙu 24 zuwa ga Terentiya da iyali. In aka jera su bisa shekaru, sai a ga tarihin aure yana bushewa. A 58 K.M. abokin gabarsa Kulodiyus ya sa aka kore shi daga Rum saboda kashe mutum biyar na ƙungiyar Katilina ba tare da shari'a ba, aka kuma rushe gidansa. Wasiƙun wannan lokaci dogaye ne, cike da kuka da kiran matar da sunayen ƙauna da yabon jimirinta, domin ita ce ta tsaya a Rum tana fafutukar dawowarsa. Bayan shekara goma sha ɗaya sai muka tarar yana kai ƙararta wurin Atikus, cewa an nemi ta aiko masa da sastas 12,000, watau kuɗin Rum na lokacin, ta aiko da 10,000 (11:24). Wasiƙar ƙarshe, ta 1 ga Oktoba na 47 K.M., 'yan layuka ce: zai iso gidansu na Tuskulum, mai yiwuwa da baƙi, a shirya komai, a sa baho a makewayi in babu. Ba da daɗewa ba suka rabu. A nan tsawon wasiƙa da kansa magana ne. Sai dai wajibi ne mu tuna ba mu da ko layi ɗaya daga hannun Terentiya, don haka ba mu da ikon yanke mata hukunci.

Tuliya ta rasu a watan Fabrairu na 45 K.M., bayan haihuwa. Sisero ya keɓe a gidansa na Astura a bakin teku, yana rubuta wa Atikus kusan kullum. Ya ce da safe yakan shige kurmi, ba ya fitowa sai yamma. Ya dage sai an sayi fili an gina mata wurin tunawa. Abokinsa Sulpisiyus ya aiko masa da ta'aziyya daga Atina, yana tuna masa cewa manyan birane ma sun zama kufai, kuma wanda ya ga faɗuwar Jamhuriya bai kamata mutuwar mutum ɗaya ta karya shi ba. Amsar Sisero (Dangi da Abokai 4:6) ita ce a wurinmu mabuɗin kundin baki ɗaya. Ya nuna cewa a da, in siyasa ta ƙona masa rai yakan dawo gida ya sami sanyi wurin 'yarsa; yanzu gida ya zama makoki, kuma babu majalisar da zai gudu zuwa gare ta, tun da Kaisar ya haɗiye mulki. Ɗaki biyu yake da su, kowanne mafakar ɗaya, duka biyun suka faɗi. Wanda ya karanta wasiƙun mulki kaɗai ba zai gane dalilin shirunsa a wannan shekara ba, wanda kuma ya karanta na iyali kaɗai zai ɗauka baƙin cikin ya wuce kima.

6.0 Salo da Matsalar Gaskiya

Sisero da kansa ya rarrabe wasiƙa iri-iri a saƙonsa ga Kuriyo (Dangi da Abokai 2:4): ta sanar da wanda ba ya nan, ta raha, da ta magana mai nauyi. Ga Atikus yakan yi amfani da harshen yau da kullum, da guntayen jimloli, da kalmomin Girkanci jefi-jefi. Babu gidan waya na jama'a a lokacin, sai a ba matafiyi ko bawa, kuma ya yi kukan cewa da wuya a sami ɗan saƙon da ba zai buɗe ya karanta ba (1:13). Don haka yakan saya sunaye, alal misali ya laƙaba wa Pompi sunan wani ɗan ƙaramin sarki na ƙasar Sham. Sayen nan kariya ce, ba'a ce kuma.

Wannan sassauci ya sa ake cewa wasiƙun su ne ainihin zuciyar Sisero, jawabansa kuwa riga ce. Muna ganin a yi hattara. Ya rubuta wa masanin tarihi Lukseyus yana roƙonsa ya rubuta labarin mulkinsa, ya ma ƙara masa gishiri fiye da yadda gaskiya ta yarda (Dangi da Abokai 5:12). Sai ka ce suɓutar baki ce. Amma ya gaya wa Atikus ya nemi wasiƙar ya karanta don ta yi kyau (4:6). Ashe abin da muka ɗauka tsiraici ne, ado ne da aka ɗinka da gangan. Kowace wasiƙa aiki ce da aka nufi wani mutum da ita don biyan wata bukata, har waɗanda aka aika wa amini, kamar yadda muka gani a batun Kesiliyus.

Gaskiyar da wasiƙun suka fi riƙewa ita ce ta halin mutumin da bai san gobe ba. Daga Janairu na 49 K.M., da Kaisar ya ƙetare kogin Rubikon, Sisero ya shafe watanni yana saƙa da warwara. A wata wasiƙa (9:4) har ya jera wa kansa tambayoyi da Girkanci, kamar ɗalibi, a kan ko ya halatta mutum ya zauna a ƙasarsa ƙarƙashin azzalumi. A cikin ma'auninsa akwai alherin da Pompi ya yi masa, da raunin shirin Pompi, da tsaron matarsa da 'ya'yansa. A ƙarshen Maris Kaisar ya same shi a Formiya ya nemi ya halarci majalisa, ya ƙi (9:18). A watan Yuni ya shiga jirgi ya bi Pompi.

7.0 Hukuncin Manazarta

Sa'ad da mawaƙin Italiya Petrak ya gano wasiƙun Atikus a birnin Verona a 1345, takaici ya kama shi har ya rubuta wa mamacin wasiƙar zargi, don ya tarar da ɗan siyasa mai rigima inda ya zaci zai sami shehin hikima. Theodor Mommsen, a tarihin Rum da ya wallafa a 1854 zuwa 1856, ya zana shi a matsayin mutum marar alƙibla. Jérôme Carcopino a 1947 ya kai ga cewa da gangan aka fitar da wasiƙun don a ɓata masa suna, ra'ayin da yawancin masana ba su karɓa ba.

Ba mu musun aibin. Son yabo a bayyane yake, batun Katilina ba ya wankuwa, kuma a lokacin korarsa ya ɗora wa abokai laifi, har da Atikus (3:15). Amma akwai rashin daidaito a wannan shari'a. Kaisar ya bar mana labarin yaƙoƙinsa ne wanda ya tsara da kansa bayan ya san sakamako. Sisero kuwa an kama shi yana tsakiyar tunani, da bashi a wuya da 'ya a gidan abokin gaba. Auna su a sikeli ɗaya auna wanda ya yi ado ne da wanda aka tarar a ɗaki.

8.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa a wasiƙun Sisero neman zaɓe da mulki da iyali zare ɗaya ne, kuma zubin wasiƙa, watau abin da aka fara da shi da abin da aka jinkirta da ma tsawonta, yana ɗauke da ma'ana kamar yadda kalmominta ke ɗauke da ita. Daga nan muke ba da shawara biyu ga wanda zai koyar da su ko ya fassara su zuwa Hausa. Ta farko, a ɗauki wasiƙa sukutum, kada a yanke gaisuwa da cinikin mutum-mutumi da rigimar surukai da sunan ba su da muhimmanci. Ta biyu, a jera su bisa kwanan wata, kamar yadda Shackleton Bailey ya yi a bugunsa na wasiƙun Atikus na 1965 zuwa 1970, a kuma karanta abin da aka rubuta wa mutum tare da abin da aka rubuta game da shi a mako guda. Ta haka ne ɗalibi zai ga cewa wasiƙar da ta yi albishir da haihuwar ɗa ita ce ta yi tunanin kare Katilina, kuma hannu ɗaya ne ya rubuta duka biyun a zama ɗaya.